Hoton da Na Tura wa Laouali

Ni na ɗauko Assibi daga filin jirgi ranar da ta fara taka Greensboro ta Amurka, yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Mijinta Laouali direban babbar mota ne, ranar yana can wata jiha da kaya, sai ya kira ni ya ce, "Hajiya Bebi, ki taimaka, iyalina za ta sauka ƙarfe huɗu, na bar miki amana." Na je na same ta tsaye da akwati biyu da silifas a ƙafa, a tsakiyar Janairu, tana rawar ɗari. Ni na saya mata rigar sanyi ta farko. Ni na koya mata tuƙi a filin ajiye motocin wata coci ranar Litinin da babu kowa, har ta kusa haɗa mu da bishiya. Da ta haifi Sa'adiya ni na yi mata wankan jego a bahon banɗaki, ina dafa ruwan a tukunyar da muke tuwon suna. Ita 'yar Maraɗi ce, ni 'yar Kano, amma Yaya take ce mini, kuma kowa a garin nan ya san ba a baki kawai take faɗa ba.

Na fara da wannan ne don kada a ce haka kawai na tashi na yi abin da na yi.

Bara, da rana tsaka, wani mutum ya shiga kantin gidan man da Assibi take aiki, fuskarsa a rufe, ya ɗora mata bindiga a goshi. Bai taɓa ta ba. Ya kwashi abin da ya kwasa ya fita, abin ko minti biyu bai kai ba. Amma tun daga ranar Assibi ba ta sake iya shiga kanti ba, kowane iri. Da ta ji ƙarar ƙararrawar nan ta ƙofa, ko ta ga layin masu biyan kuɗi, sai zuciyarta ta hau bugawa, tafin hannunta ya jiƙe, numfashi ya tsaya mata a wuya. Ta bar aikin. Likita ya ba ta magani, ya rubuta mata sunan wata da za ta riƙa zuwa suna magana. Maganin ta sha na sati biyu, takardar kuwa ta jefa a durowa ta ce ita ba mahaukaciya ba ce.

Gidansu a Pleasant Garden yake, can bayan gari. Laouali ya zaɓe shi ne saboda yana da filin da zai ajiye kan motarsa, amma wuri ne da sai ka yi ihu kafin maƙwabci ya ji ka, kuma ko gishiri ne sai ka tayar da mota. Shi kuma sati uku cikin huɗu yana kan hanya. To wa ya rage? Ni.

Wata takwas cur ina yi mata cefane. Duk Juma'a da yamma sai ta turo mini saƙon murya: albasa, attaruhu, kaji biyu, madarar Sa'adiya, sabulun wanki mai shuɗin murfi ba mai ja ba. Asabar da safe in tashi daga unguwarmu Glenwood, in bi kantuna uku, in gangara titin Randleman, in isa wajenta kafin azahar. Na sa an kawo mata rubutu daga Kano. Na haɗa mata zuma da habbatussauda. Sannan in zauna in cika mata kunne da hira, domin a gidanmu ba a barin mara lafiya cikin shiru. In ta yi tagumi in janye hannun, in ta fara zancen ranar in ce, "Ke, bar tuna wannan, ya wuce, ki gode wa Allah kina raye." Haka uwata take yi, haka na gani, haka na yi.

Kuma zan faɗi gaskiya, ina jin daɗin abin. Mijina Alhaji ya rasu shekara shida da suka wuce. Ɗana Rilwanu yana Houston da matarsa, 'yata Salwa tana jami'a, in na tura mata saƙo mai layi goma sai ta amsa mini da kalma biyu na Turanci. Kwana biyar ina ninke zannuwan gado a ɗakin wankin otal, ba mai tambayata komai sai ko tawul ya bushe. Asabar ce kaɗai ranar da wani yake leƙen taga yana jiran motata.

Sai ga Houda.

A wajen sunan jikan Alhaji Ma'aruf a Summerfield na fara ganin ta da kyau. 'Yar Yamai ce, ba ta wuce talatin da 'yan kai ba, siririya, tana aiki da masu gashin ƙashi, irin waɗanda suke koya wa wanda ya shanye tafiya. Magana take a hankali kamar mai tsoron ta tashi jariri. Ana cikin rabon waina ta miƙe ta ce ta samu ɗaki a wata cibiyar unguwa kusa da jami'a, duk Asabar ƙarfe goma za ta riƙa koya wa mata yoga da zaman nutsuwa, kyauta, mata zalla.

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce, "Yarinya, mu da muke sunkuye kan aiki tun asuba, wane lanƙwasa jiki kuma za ki koya mana?"

Ta yi murmushi ta ce, "Tanti, ai saboda sunkuyon ne. Ki zo sau ɗaya ki gani."

Tanti. Duk garin nan Hajiya ake ce mini ko Anti, ita kaɗai ta ƙirƙiro Tanti, tana jan ƙarshen kamar alewa. Na kawar da kai na ci gaba da zuba miya. Ban lura ba ashe Assibi tana gefe tana rubuta lambarta.

Juma'ar da ta biyo baya saƙon ya zo da ƙari. "Yaya, gobe ki bari sai la'asar, da safe zan leƙa wajen Houda." Na ce to, ta je ta gano wa idonta, ai ba za ta kai sati biyu ba. Ta kai. Ta kai na uku, ta kai na biyar. Cefanen ya fara raguwa, tana cewa wannan tana da shi, wancan Hafiza maƙwabciyata ta kawo mata. In na je kuma zance ɗaya ne. Houda ta ce a sassauta kafaɗa. Houda ta ce a bar waya a falo in za a kwanta. Houda ta ce tsoro ba rashin imani ba ne, jiki ne yake tuna abin da ya gani. Rannan ina tsaka da ba ta labarin rigimar da aka yi a ƙungiyar mata kan kuloli, sai na ga ta lumshe ido tana jan numfashi. Na ce lafiya? Ta ce, "Lafiya lau, Yaya, ci gaba, ina jin ki." Ban ci gaba ba.

Juma'a ta bakwai saƙo bai zo ba sam. Na duba wayar har na gaji. Asabar na ce bari in je in sayo nawa naman, na shiga kantin Balaraben da muke sayen naman halal, ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara a kaina, sai na ji muryar da na sani tana ciniki.

"A'a, ba wannan ba, wutsiyar can ta baya. Wala, ita."

Assibi ce, ita kaɗai a gaban mahauci, da kwando a hannu. Na waiga, ta gilashi na hango Houda a waje jingine da mota tana duba waya, ko shigowa ba ta yi ba. Assibi ta gan ni ta ajiye kwandon ta rungume ni.

"Yaya, kin gan ni? Da ƙafata na shigo! Wannan ne karo na uku!"

Karo na uku, ni ban san na farko ba. Na ce alhamdulillahi, na ce Allah ya ƙara sauƙi, bakina ya faɗi duk abin da ya kamata. Amma cikina wuta ce take ci. Wata takwas ina jigila, ina ɗaukar buhun shinkafa da wannan bayan nawa, yarinya ta zo da tabarmar roba cikin sati bakwai ta kwashe godiyar gaba ɗaya. Kishi ne, na sani, tun a lokacin na san sunansa. Sanin bai rage mini komai ba.

Abin da ya ƙarasa ni a bakin Hafiza na ji shi. Hafiza maƙwabciyata ce a Glenwood, ita ma tana zuwa wajen Houda saboda ciwon baya. Muna tsaye a bakin shara ranar Laraba ta ce, "Anti, maganar kitson nan ta Assibi ta sa mu kuka ranar Asabar."

Na ce, "Wane kitso?"

"Na Sa'adiya mana. Da ta ce ranar da abin ya faru ta baro yarinyar da rabin kitso, ta ce za ta ƙarasa in ta dawo. Wai da bindigar tana goshinta ba abin da take tunani sai wa zai ƙarasa wa 'yarta kitso. Ai ke kin sani."

"Na sani mana," na ce.

Ban sani ba. Ni da na ƙarasa kitson da hannuna washegari, ina yi ina ba da labarin bikin wata, ban sani ba. Ta ajiye wannan maganar wata takwas a gabana, ta je ta zazzage ta a gaban mata goma sha huɗu da yarinyar da ba ta san ranar da aka haifi Sa'adiya ba. Na shiga gida na rufe ƙofa da ƙarfin da ya sa hoton Alhaji ya karkace a bango.

Asabar na je. Na ce bari in ga abin da ake ba su a wajen nan.

Ɗaki ne mai faɗi, da katako a ƙasa, an manna takarda a gilashin ƙofa don mata su sake. Wasu sun cire mayafi sun bar ɗankwali, wasu da doguwar riga da wando a ciki. Assibi da ta gan ni ta yi tsalle kamar yarinya, ta jawo mini tabarma ta shimfiɗa a bayan tata. Houda ta zo ta ɗan rusuna.

"Tanti, sannu da zuwa, na ji daɗi. Bon, to, tunda yau kika fara, bari in faɗa miki yadda muke yi. Kin ga tabarmin, yamma na sa suka kalla, wajen tagar can. Da gangan ne. Akwai inda za mu durƙusa mu sa goshi a ƙasa don baya ya saki, ba na so kowa ta haɗa shi da salla, shi ya sa muka juya wa alƙibla baya. Ba ma kiran sunan komai, ba ma haɗa hannu a ƙirji. Lokacin shiru wadda take son zikiri ta yi abinta a zuci. Waya kuma a bar ta a jaka, sil bu file, don Allah, saboda sirrin mata."

Na ji ta sarai. Ina faɗa ne don kada daga baya a ce ban ji ba.

Aka fara. A ɗaga hannu, a sauke, a juya wuya. Gwiwoyina suna ƙara kamar ana karya itace, Hafiza tana ƙunshe dariya. Sai aka zo numfashi. Houda tana ƙirgawa a hankali, a shaƙa har huɗu, a fitar har shida, a sake. Daga nan ta ce a zauna shiru minti goma. Minti goma! Ni da ko a gidan makoki ban taɓa yin minti goma baki rufe ba. Cikina ya yi ƙugi, kowa ta ji. Amma can wajen tsakiya wani abu ya faru da ban shirya masa ba. Kafaɗuna suka sauko da kansu, ban san a ɗage suke ba. Na tuna yadda Alhaji yake hura shayi kafin ya miƙo mini, abin da na yi shekaru ban tuna ba, ƙwalla ta taho. Na haɗiye ta da sauri, haushi ya ƙaru. Wato har ni yarinyar nan za ta taɓa.

Sai aka zo durƙuson. Kowa ta zauna kan dugaduganta, ta kifa goshi a tabarma, ta miƙa hannuwa gaba. Ni ban kifa ba, na ce gwiwata. Houda tana zagawa tsakanin layi ba takalmi, ta zo kan Assibi ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar bayanta, ba ta ce komai ba. Assibi ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, irin ta yaron da ya gama kuka aka goya shi. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin ta yi wannan a kusa da ni ba.

Jakata tana gefena. Da Houda ta wuce gaba ta ba ni baya, na zaro wayar na ɗauka. Mata goma sha huɗu goshi a ƙasa, Assibi a gaba-gaba da ɗankwalinta mai ruwan goro, hasken taga a kansu.

Da aka tashi Houda ta ce, "Tanti, ya kika ji?"

"Lafiya lau," na ce. "Allah ya ba da lada."

A cikin mota, kafin in tayar, na tura wa Laouali. Na rubuta: "Malam Laouali, ni dai amana ka ba ni, shi ya sa. Ga abin da ake yi ranar Asabar. Ka lura da inda suka fuskanta, ba alƙibla ba ce. Ni ban ce komai ba, kai ka bincika." Na karanta sau biyu. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma na san duk abin ƙarya ne. Da maganar addini ce ta dame ni, da Assibi zan ja gefe, ko in tambayi malamin masallacinmu. Na zaɓi mutumin da yake nisan mil ɗari bakwai, a gajiye, wanda ba zai ga komai ba sai hoto.

Bai yi minti goma ba ya kira, ina jin ƙarar hanya a bayansa.

"Hajiya, me nake gani haka? Sujada ce wannan?"

"Ni ma dai abin da na gani ke nan. Amma don Allah kada ka ce ni ce."

"Haba Hajiya. Mersi, Allah ya saka da alheri. Dama na san in kina nan ba ni da damuwa."

Juma'a da yamma saƙon murya ya dawo. Albasa, tumatir, madara, kaji biyu. Muryar a ƙasa, ba gaisuwa mai tsawo. Na saurare shi sau uku a ɗakin wanki, tsakanin injina, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na ninke zannuwan ranar ina 'yar waƙa.

Da na kai kayan ta ce, "Laouali ya ce in dakata da zuwa wajen Houda har ya dawo."

"To ai miji ne," na ce. "Ki bi, babu abin da zai ragu."

Ta dube ni ta ce, "Haka ne, Yaya." Ta ɗauki kajin ta kai firiza.

Laouali bai dawo da wuri ba, an ƙara masa kaya zuwa yamma. Ya kuma faɗa wa wani abokinsa, abokin ya hana tasa matar, wata ma ta ji ta daina da kanta. Assibi kuwa tunda aka hana ta ajin sai ta koma gida ta zauna, kantin ma ta daina gwadawa. Idonta ya faɗa. Na ga kwanon abincin da na kawo wancan satin a firji ba a taɓa ba. Na ƙara yawan hira, na kawo sabon rubutu, na ce sanyin kaka ne yake sa mutum kasala.

A sati na biyu Houda ta kira ni.

"Tanti, ina neman alfarma. Ban san abin da aka faɗa wa mijin Assibi ba, amma an ce yana jin maganarki. Ke kin zo kin gani da idonki. Ki yi masa bayani, don Allah. Ta yi nisa sosai, bai kamata a tsayar da ita yanzu ba."

"Zan duba," na ce. Na ajiye wayar na tsaya ina kallon ta a kan tebur. Kunya ta ɗan taɓa ni, amma ba ta kai ta sa ni kiran kowa ba.

Asabar ta uku na tashi da shawara. In dai shiga kanti ne abin alfaharin, ni ma zan shigar da ita, a gani ko sai da tabarma. Na isa Pleasant Garden ban yi cefanen ba, na ce ta sa mayafi mu je tare.

"Yaya, yau ba na jin zan iya."

"Za ki iya. Ba ga ni ba? Tashi."

Ba ta iya yi mini musu, ba ta taɓa ba. Ta bar Sa'adiya a gidan ƙawarta, muka hau titi zuwa babban kantin da ke hanyar gari. Ina tuƙi ina ba ta ƙarfin gwiwa, ina cewa ba komai ba ne, mutum ne yake sa wa kansa. Muka fito, na kama hannunta. Saura taku kaɗan mu kai ƙofa wani mutum ya fito da sauri, hular rigarsa a kai, hannu a aljihu. Assibi ta tsaya cak. Hannunta ya jiƙe a cikin nawa. Ta juya ta koma mota da gudu-gudu, ta faɗa kujera tana jan numfashi kamar wadda aka shaƙe.

Na shiga na hau abin da na iya. "Sannu, sannu! Innalillahi. Ki yi haƙuri, ba kowa ba ne, ya wuce. Dube ni. Sha ruwa. Ki daure mana, Assibi, mutane suna kallo. Sannu, ki ce..."

"Yaya, yi shiru!"

Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. 

"Ƙirga mini," ta ce da ƙyar. "Huɗu. Shida."

Na so in ce ban iya ba. Amma leɓenta ya yi fari, yatsunta sun ƙandare a kan cinyarta. Na fara. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na yi sauri, ta girgiza kai, na rage. Ɗaya har shida. Na sake. Ina zaune a motata, da bakina, ina yin aikin yarinyar da na yi wa ƙulli, kuma ina kallon yana aiki. Ban san sau nawa muka yi ba. A hankali yatsun suka saki, ta jingina kai da kujera ta rufe ido. Na buɗe baki zan ce sannu, na fasa.

Idonta a rufe ta ce, "Laouali bai iya tura hoto shi kaɗai ba. In zai tura abu sai ya ɗauki fuskar wayar gaba ɗaya."

Na juyo na dube ta.

"Haka ya turo mini, da sunanki a sama, Yaya. Hajiya Bebi Kano. Da abin da kika rubuta. Tun ranar na gani."

"Assibi, ni addini na duba..."

"Kina bayana lokacin da Houda ta yi miki bayani. Ni na shimfiɗa miki tabarmar." Ta buɗe ido, ba ta dube ni ba, gilashin gaba take kallo. "Asabar uku ina jira ki faɗa da bakinki. Na ce yayata ce, ba zan tsare ta da magana ba, za ta faɗa. Sai ki zo da kaji ki ce in bi miji."

Nan abin da yake cina ya fito, ba yadda na so ba. "Wata takwas! Wata takwas ina hanyar gidanki, ba ki taɓa faɗa mini maganar kitson Sa'adiya ba. Sai a bakin Hafiza zan ji, a bakin shara? Me ta yi miki da ban yi ba?"

"Yaushe zan faɗa, Yaya? Sau nawa na fara? Da na buɗe baki sai ki ce ya wuce, in gode wa Allah. Na gode masa. Amma bai wuce ba." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Ita ba abin da ta yi. Shiru kawai ta yi har na gama."

Na kawar da kai. Wata mata ta wuce ta gabanmu tana tura keken kaya mai ƙafa ɗaya a karkace.

"Jiya na yi magana da Laouali," ta ce. "Na ce masa Asabar ta sama zan koma wajen Houda. In ya dawo ya je ya tambayi malam, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ji da kunnensa in yana so. Na ce masa shi yana kan hanya, ni ce a gidan da wannan zuciyar."

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi, bon, in je."

Ta buɗe ƙofar motar. Na yunƙura zan bi ta, ta ce, "Zauna." Na zauna. Na ga ta tsaya a gaban ƙofar kantin, kafaɗunta suna hawa suna sauka, sannan ta shiga. Minti biyar ta fito da galan ɗin madara ɗaya, ba leda, ta rungume shi a ƙirji. Fuskarta duk zufa.

Muka koma Pleasant Garden. Na tsaya a gaban gidan, inda ciyawa ta mutu saboda tayoyin motar Laouali. Na kashe mota, na juya na ce, "Ki yafe mini. Zan kira shi in faɗa masa gaskiya. Zan kira Houda ma."

"Ki kira su, ya kamata. Hoton kuma ki goge, akwai matan mutane a ciki." Ta gyara riƙon madarar. "Na yafe miki, Yaya, har ga Allah. Abin da kika yi mini a garin nan ba zan iya biya ba, kuma ba zan manta ba. Sa'adiya 'yarki ce, duk ranar da kika so ganin ta ki kira, ki zo."

Ki kira, ki zo. Ni da nake shiga gidan nan ko tana wanka, in buɗe firji, in ɗora tukunya.

"Sai dai don Allah," ta ce, muryarta ta yi ƙasa kamar mai roƙon alfarma, "makullin gidan da yake wajenki, ki ba ni."

Na dube ta ko za ta ce wasa take. Ta buɗe tafin hannunta a kan cinya tana jira, kanta a sunkuye don kunya. Na zare makullan daga jikin mota. Nata yana tsakanin na gidana da na akwatin wasiƙa, ya daɗe a wurin har zoben ya riƙe shi. Na sa farce na kasa, na sake sawa farcen ya karye. Ba ta ce in bari ba, ba ta ce in kawo ta taya ni ba. Da ya fita na ɗora mata a hannu.

"Mersi, Yaya. Ki gaida gida."

Ta fita, ta hau matakala uku na baranda, ta shiga da madararta, na ji ta murza makulli daga ciki.